Kyautar da Ba Ta Shiga Hannu Ba

Kwamfutar ba ta tashi ba ranar da Yaya Muhsin ya kawo ta daga Kano, ba ta kuma tashi ba har ranar da ya rasu.

Sabuwa ce fil a kwalinta, irin wadda ake buɗewa kamar littafi. Ya sayo ta babu komai a cikinta, don mai shagon ya ce masa haka ta fi sauƙi, Windos kuwa kowane yaro zai iya ɗora masa. Yaron da Yaya ya tuna ni ne. Na bar makaranta ban gama sakandare ba, na zauna wurin cajin waya na bari, na koyi ɗinki na bari, na yi zaman shagon mai tura wa mutane waƙoƙi a tashar Roni har na gaji. A gidanmu dai ni ake cewa na san na'ura.

Bai shiga da ita cikin gida ba. Ya tsayar da babur a ƙofar ɗakina, wanda ke jikin zaure, ya miƙo mini kwalin.

"Ta Zubaida ce," ya ce. "Amma ba zan kai mata baƙin allo ba. Ka sa mata rai tukuna, Musaddiƙ."

Zubaida matarsa ce, uwar 'yarsa Khadijat da ba a daɗe da yaye ta ba. Ta yi kwas na kwamfuta a Kazaure kafin aurensu. Wata Hajiya, shugabar wata makarantar kuɗi a nan Roni, ta yi mata alkawarin aikin buga takardun jarrabawa da sakamakon yara, in dai tana da na'urarta. Aikin cikin ɗaki ne, ba sai ta fita ba.

Na aro filash mai Windos a ciki, na soka, na danna maɓallin kunnawa. Tambarin kamfanin ya fito, ya ɓace. Sai baƙin allo, da layi ɗaya na farin rubutun Turanci a can sama, yana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na kashe na sake kunnawa. Na canza wa filash rami. Na yi ta dukan maɓallan sama har na faɗa bayos, shafin da ake gaya wa na'ura inda za ta fara dubawa in an kunna ta. Na sa filash a farko. Na fito. Layin nan ya dawo inda yake.

Na ce gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa, wani lokacin ba wuta, wani lokacin ni ne ba na gida.

Ni da Zubaida akwai wasa, kamar yadda ake yi tsakanin mace da ƙanen mijinta. Duk sanda na shiga ɗaukar tuwo sai ta ɗaga murya daga madafa.

"Injiniya! Ina kwamfutata? Ko ka sayar ka sha rake?"

"Barci take yi, Adda."

"To tashe ta mana. Ko in zo in watsa mata ruwa, yadda Inno take tashinka sallar asuba?"

Matar aure ba ta shiga ɗakin samari na ƙofar gida, Yaya kuma ya ce ba za a nuna mata ba sai ta tashi. Don haka ko kwalin ba ta gani ba.

Wata ranar Laraba Yaya ya dawo daga gonar gyaɗa yana riƙe da ciki. Aka jiƙa masa magani, ya kwana yana juyi. Da gari ya waye muka sa shi a mota za mu kai shi asibiti a Kazaure. Kansa yana kan cinyata. Wajen tsakiyar hanya direban ya waiwayo ya dube shi, ya dube ni, ya rage gudu, ya juya motar ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na zauna zaman makoki a kan tabarma kamar kowa. Mutane suna zuwa daga Gwiwa, daga Babura, abokan aikinsa na sakatariya suna sauka a babura. Su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Su yi addu'a, in shafa. Ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Abin da nake ji kawai shi ne ƙafata ta yi sanyi, da ƙudan da ke komawa wuri ɗaya a gwiwata. In mutane suka ɗan tsagaita sai in sulale ɗakina, in buɗe kwamfutar, in danna maɓallin, in karanta layin nan, in rufe, in koma tabarma.

Baffa Daudu, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Da aka share makoki ya tara mu ya ce duk abin da yake na mamaci ya zauna inda yake har a raba gado. Babur ɗin, awakin, wayarsa, tufafinsa. Ya leƙa ɗakina ya ga kwalin.

"Wannan ma kada ta fita daga ƙofar nan."

"Ta Adda Zubaida ce, Baffa. Shi ya ce."

"Za a ji a bakin malam. Ka dai bar ta a nan."

Zubaida ta shiga takaba. Ta koma ɗakin Inno, mahaifiyarmu, aka saki labule. Muryarta ta daina fitowa daga madafa. Inno ce ta gaya mini sauran, tana tsince wake ba ta dube ni ba. Ta ce shugabar makarantar ta aiko da gaisuwa, ta kuma ce jarrabawar ƙarshen zango ta matso, in Zubaida ta shirya aikin nata ne, in ba ta shirya ba, za a kai wa wani mai shago a Kazaure. Ta ce mahaifin Zubaida ma ya aiko daga Kanya Babba, in ta fita takaba zai zo ya ɗauke ta, sai dai in tana da abin da za ta riƙe kanta da 'yarta a nan.

"Abin da yayanka ya bar maka fa?" Inno ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ko yanzu ba ta kira ba.

"Ina kai, Inno."

"To."

Tunda ba zan iya fita da kwamfutar ba, sai na ɗauki hoton allon da wayata, na zare filash, na hau acaɓa zuwa Kazaure wurin Sama'ilu. Tare muka yi firamare. Yana da rumfar gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha. Ya yi mini ta'aziyya yana tsaye, ya shafa, sannan ya zauna ya karɓi wayar yana faɗaɗa hoton da yatsu.

"Ina majinyaciyar?"

"Tana gida. An hana fita da ita."

"Wato hoton mara lafiya ka kawo wa likita. Kai, mutanen Roni! Gobe sai ku aiko mini da hoton akuya ku ce in yi mata allura."

Ya soka filash ɗina a tasa na'urar, ya duba, ya yi tsaki.

"Wa ya haɗa maka wannan? Tsarin da ne. Sababbin nan ba sa ganin irinsa, ko ka kwana kana sa shi a farko. Kuma akwai wani makulli a bayos da ke hana ta karɓar abin da ba ta sani ba. In filash ɗin ya yi daidai ba ruwanka da shi, ka bar shi yadda yake. Kar ka je kana murɗa abin da ba ka gane ba."

"Na riga na murɗa."

"Na sani. Fuskarka ta nuna. Ka koma ka mayar da komai yadda kamfani ya bar shi, akwai maɓallin a ƙasa."

Ya goge filash ɗin ya sake haɗa shi. Muka zauna muna kallon koren layi yana rarrafe. Ya sayo mana awara, na ci ban ji gishirinta ba. Ya fara ba ni labarin yadda Yaya ya taɓa raba shi faɗa da wani yaro a filin ƙwallo, ya ga hankalina ba ya wurin, ya bar zancen.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na mayar da bayos yadda yake, na soka filash, na kunna. Layin bai fito ba. Wasu ɗigo-ɗigo suka fara zagaye, allon ya yi shuɗi, ta tambaye ni yare. Na yi ta danna gaba har na zo inda ake zaɓar ma'ajiyar da za a ɗora Windos a kai. Akwatin fari fat, babu komai. Ta ce ba ta ga ma'ajiya ba. Sabuwar na'ura, ma'ajiyar tana cikin cikinta, amma ta ce ba ta gani ba.

Na ɗauki hoto. Ina ɗauka sai na ji sallamar Baffa Daudu, tare da Malam Jamaluddeen, wanda ke raba gado a unguwarmu. Ya zo ganin kaya kafin ranar rabo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi kwamfutar daga bakin ƙofa, bai taɓa ta ba.

"An ce kana cewa kyauta ce ga matarsa."

"Haka ne, Allah gafarta Malam. Da bakinsa ya faɗa mini."

"Ban musa ba. Amma kyauta ba ta cika da faɗa kawai. Sai wanda aka ba ya karɓa a hannunsa, mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. In ya rasu ba a karɓa ba, ta koma cikin gado. Ta karɓa?"

Na buɗe baki. Ya ɗaga hannu.

"Ba yanzu ba. Ranar Asabar, a gaban kowa. Ka tuna da kyau. Kai ma magaji ne, in ka ce tata ce kanka ka rage wa, don haka maganarka tana da nauyi."

Da suka tafi na zauna ina kallon farin akwatin. Da filash ɗin farko ya yi aiki, da Yaya ya ɗauki kwalin nan a daren da ya kawo shi ya shiga da shi ciki, ta sa hannu biyu ta karɓa. Na yi wannan tunanin sarai, daga farko har ƙarshe, kamar ina karanta allon wani shago a gefen titi. Sannan na tashi na nemi acaɓa.

Sama'ilu ya dubi sabon hoton ya yi dariya.

"Ci gaba! Jiya ba ta ganin filash, yau ba ta ganin cikinta. Wannan ƙaramin abu ne. Ma'ajiyar sabuwar ƙira ce, Windos ɗin bai zo da direbanta ba, ɗan fayil ɗin da ke gabatar da su ga juna. Ba ni lambar da ke ƙarƙashinta."

Na nuna masa hoton lambar. Ya sauko da fayil ɗin ya zuba a filash, ya nuna mini inda zan danna in na zo farin akwatin. Ya sa na maimaita masa. Da na miƙe ya riƙe hannun rigata.

"Kai, kana barci kuwa?"

"Ina yi."

"Ka yi kuka?"

"Acaɓa na jira na," na ce.

Da la'asar na shiga cikin gida. Inno ta zagaya bayi da buta. Na tsaya nesa da ƙofar ɗakinta, na juya wa labulen gefe, na yi sallama ƙasa-ƙasa. Zubaida ta amsa. Tun rasuwar ban ji muryarta kusa haka ba.

"Adda, ranar Asabar Malam zai tambaya ko kin karɓi kwamfutar a hannunki. Zan ce Yaya ya shiga da ita ya ba ki, kin buɗe kin gani, sannan kika aiko mini da ita in ɗora mata Windos. Ke dai ki ce haka ne."

Ina jin Khadijat tana buga murfin kwano a ƙasa.

"Ba wanda ya gani," na ce. "Daga ni sai shi."

"Allah ya kai mu Asabar ɗin," ta ce.

Wuta ba ta dawo ba sai safiyar Asabar. Batirin ya kusa ƙarewa, na jona, na fara tun daga farko. Na zo farin akwatin, na danna inda Sama'ilu ya nuna, na zaɓi fayil ɗin. Ta yi ɗan tunani. Sai ga ma'ajiyar ta fito, layi ɗaya, da girmanta a rubuce. Na danna gaba. Ta fara kwafa. Ta mutu da kanta ta tashi, na zare filash don kada ta koma farko. Ta sake mutuwa ta tashi. A waje ana shimfiɗa tabarmi a zaure, ana jawo awaki, wani yana tura babur ɗin Yaya zuwa ƙofa. Ta tambayi sunan mai ita. Na rubuta Zubaida. Aka kira ni, na ɗauko ta a buɗe na fito, na ajiye a tsakiyar tabarma kusa da wayarsa da takalmansa.

Maza suna zaure, mata suna tsakar gida bayan katanga, ƙofar a buɗe da asabari a sake yadda za su ji. Malam Jamaluddeen ya yi addu'a, ya ambaci magada: Inno, Zubaida, Khadijat, sai mu 'yan'uwansa maza da mata, muna da yawa. Aka bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan kwamfutar ya gyara zama.

"Musaddiƙ yana da magana a kan wannan. Amma bari mu fara jin mai haƙƙi. Zubaida, kina ji na?"

"Ina ji, Malam."

"Mijinki ya ba ki na'urar nan kin karɓa a hannunki kafin ya kwanta ciwo?"

Na zuba wa asabarin ido. Maganar tana shirye a bakina, har da ranar da zan ce an yi.

"Ya ce mini tawa ce," ta ce. "Amma ban karɓa ba. Ko ganinta ban taɓa yi ba."

Wata daga cikin yayyena mata ta ce, "Ke Zubaida!" Inno ta ce mata ta yi shiru.

"Akwai rabon Khadijat a ciki," Zubaida ta ce.

Malam ya juyo gare ni. "Haka ne?"

"Haka ne," na ce.

Aka yi wa kaya ƙima. Abin da Yaya ya bari ba yawa, manyan ciki babur ne da kwamfutar. Aka ce za a sayar da babur a fitar wa Inno da mu namu. Awakin suka faɗa wa Zubaida. Na ce a haɗa nawa da nata a ba ta kwamfutar. Malam ya ce ko an haɗa bai kai ba. Ƙannena biyu ba su balaga ba, ba wanda zai yafe nasu, yayyena mata kuma sai sun ji daga mazajensu. Babu wanda rabonsa ya isa ya ɗauke ta sai Khadijat, mai rabin dukiya. Ta zama tata. Baffa Daudu ne waliyyinta.

"To sai a bar wa uwarta ta yi aiki da ita, Baffa," na ce. "Abin da ta samu ai 'yar za ta ciyar."

"In ta lalace a hannunta fa? Wa zai amsa a gaban Allah? Ni."

"A ajiye ma lalacewa take yi. Ba gona ba ce. Batirin zai mutu, kafin Khadijat ta girma ba mai karɓarta ko kyauta."

"Sabuwa ce a kwalinta, me zai same ta? Agogon mahaifinku da na ajiye muku, da na fito da shi ba yana nan ba? Abu na ƙarshe da ubanta ya saya da hannunsa ke nan. In ta yi hankali in danƙa mata, in ce ga shi, ko ƙwarzane babu. Kayan marainiya ba na wasa da su, Musaddiƙ."

Na dubi Malam. Ya ce da an sayar an saya mata ƙaramar saniya da ya fi, amma shawara ce, hukuncin na waliyyi ne. Baffa ya ce ya ji, zai duba. Na san muryarsa in ya riga ya gama dubawa.

"Kashe ta," ya ce. "Ka mayar da ita yadda ta zo."

Na jawo ta gabana. A allon an rubuta cewa tana kammala shiri, kada a kashe. Na fassara masa. Ya ce to a jira. Muka zauna, dattawa da samari, muna kallon ɗigon nan suna zagaye. Wani ya yi tari. Akuya ta ja igiya ta tuge turke, ƙanena ya bi ta. Can allon ya washe, hoto ya fito, ƙananan alamomi suka jeru a ƙasa, agogo ya nuna lokaci daidai. Ta yi ɗan sauti mai daɗi. Baffa ya ce, "Ikon Allah."

Na kashe ta. Na naɗe wayar cajin, na mayar da ita cikin ledarta, na sa kumfar da ke riƙe gefunanta, na rufe kwalin. Baffa ya karɓa da hannu biyu, ya lulluɓe da gefen babbar rigarsa, ya ce akwai akwatin ƙarfe a ɗakinsa da ɓera ba ya shiga. Aka yi fatiha aka watse.

Na naɗe tabarmi na shiga da su ciki. Tsakar gida ba kowa sai kaji. Na jingine tabarmin a jikin rumbu, na juya zan fita.

"Musaddiƙ." Muryar Zubaida ce, daga bayan labulen ɗakin Inno.

Na tsaya.

"Wane launi ce?"

Sai da na yi tunani.

"Ruwan toka," na ce. "Da ɗan sheƙi a murfin."

"To," ta ce. "In za ka fita ka tsaya makarantar, ka ce wa Hajiya ta kai aikin Kazaure."